Eriyar da Mode Ya Kafa a Tsamiya

Ranar da abin ya fara, Tasalla tana kwashe tuwo, ladan bai ma rufe baki daga kiran magariba ba. Sai bangon tsakar gida ya yi jajir, ya ɗauke, ya sake yi. Fitilun gargaɗin da mijinta Mode ya ɗaura wa gingimarin da ke bayan katanga ne suke walƙiya. Abin da ya sa ta ajiye mara kuwa, Mode na gabanta yana alwala, ɗan akwatin da ake kunna fitilun da shi yana rataye a ɗaki, ba wanda ya taɓa shi.

Mode mai wayarin mota ne a Ƙofar Taramniya, irin mutanen nan da in suka sa abu a gaba, ko gobara ake yi sai sun gama ɗaure wayarsu. Lokacin kuɗin mai sun ɓarke, soja na mulki, sabuwar kwalta ta cika da manyan motoci masu kai shanu Kudu. In mota ta mutu a hanya, direba ya karyo ganye ya jera a titi, ganye kuwa ba ya haske. Mode ya gaji da zuwa jana'izar abokansa direbobi. Sai ya tattara kayan tsofaffin rediyo ya haɗa akwati biyu: ɗaya a mota mai rile, wanda ke haɗa wuta da kansa in saƙo ya iske shi, ɗaya a hannu mai maɓalli. Direba ya tsaya can nesa da titi ya danna, fitilu su kama. Alhaji Maigandi mai fataucin shanu ya ba shi tsohuwar mota ya gwada.

Ƙarfen eriya ne bai samu ba. Ya ja waya ya hau tsohuwar tsamiyar da motar ke ƙarƙashinta, wadda ko masu tallar fura ba sa zama a inuwarta, ya buga ƙusa. Da almuru ya yi aikin, don sai duhu ya fara ake ganin haske sosai, kuma ko bisimilla bai tuna ba. Daga nan kullum rana ta faɗi sai ya ɗauki akwatinsa ya yi ta tafiya yana dannawa, yana waiwayowa, ya ga iyakar inda saƙon ke kaiwa.

Bayan walƙiyar nan ta farko, sai jifa. Da an sallame magariba duwatsu su yi ta sauka a kan kwano, a leƙa lungu ba kowa. Mode ya ce rediyon oba-oba na sojoji ne ke shiga masa layi. Ya canza rile, ya sake wayoyi, ya zagi wanda ya sayar masa da kaya har iyayensa. Da abin ya ishe shi ya cire batirin motar ɗungurungum, ya kawo shi tsakar gida ya zauna a kai. Fitilu suka ci gaba da walƙiya.

Sannan abin ya koma kan Ni'imatu, 'yarsu ɗaya tilo, wadda ta zo hutu daga makarantar horon malamai. Yarinya mai surutu kamar kanari ta yi tsit. Ba ta ci, ba ta magana. Amma duk sanda hasken ya faɗo bango sai ta miƙe tsaye ƙiƙam, ta fuskanci ubanta, ta ce, "Na'am." Muryar ta tsohuwa ce tukuf, kuma a gajiye take.

"Mode," in ji Tasalla, "ɗiyakka na ƙarewa gaban idonka, kai kana shinshinar waya."

"Ki bar ni, Tasalla. Wani wuri na wuta ka zurara. In nig gane shi, dut abin ga ya ƙare."

Yana son 'yarsa, wannan ba shakka. Amma ya fi yarda da abin da sukuddireba ke iya kwancewa, kuma haushin kasa gano matsalar ya rufe masa ido. Tasalla ta aika garin Wamakko aka taho da kawunta, Malam Siddiƙu.

Malam ya iso bayan la'asar. Ya zaga bayan gida, ya daɗe yana kallon wayar da ta hau tsamiya. Da rana ta yi ja ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Ni'imatu, ya zuba turare a garwashi ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi shiru, har kaji suka daina motsi a akurki. Dutse ɗaya ya faɗo. Hasken ya zo. Yarinyar ta miƙe.

"Wa na nan?" in ji Malam.

"Wadda anka kira," in ji muryar. "Ina zaune gidana da jikokina, anka buga min ƙarhe ga ƙohwa, ba sallama. Kullum almuru kira shi ratsa min kai. In taso, in zaka, in ce na'am, ba mai kula ni. Shi ƙara nisa shi sake kira. Tsohuwa ta ni, Malam, ba abin wasan kowa ba."

"To mi yah haɗa ki da yarinya?"

"Aron bakinta niy yi, ko uban ya ji ana amsawa. Bai ji ba."

Malam ya ce ta fita. Ta ce ta saba da bakin, ba ta mayarwa. Ya ɗaga murya da karatu, jikin Ni'imatu ya hau rawa, gumi ya jiƙa mata riga, muryar ta yi ƙara har maƙwabta suka rufe ƙofofinsu. Can ta ce a dakata.

"Shi cire ƙusa da hannunai, shi toshe ramin. Kuma hannun nan kar shi sake haɗa abin da ka kira ba waya, har shi mutu. Shi amsa da bakinai, in tahi."

Malam ya juyo. "Mode, ka ji."

Mode ya yi shiru. Ya tuna watannin da ya ɓata, ya tuna direbobin da ke jiran abin, ya tuna saura ƙiris ya gama. Turare yana ta ci, 'yarsa tana layi a tsaye, shi kuwa yana kallon ƙasa. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Malam, in anka kai shi wani wuri, nesa da icen..."

Tasalla ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Ihun ne ya dawo da shi. Ya ce ya yarda, ya maimaita. Ya ɗauki filaya ya hau tsamiyar yana sallama kamar mai shiga gidan surukai, ya zare ƙusar, ya cusa laka a ramin. Kafin ya sauko fitilun sun mutu. Ni'imatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube a jikin uwarta, ta nemi ruwa da muryarta.

Washegari da hantsi Mode yana zaune a tsakar gida yana kwance akwatinsa gunduwa-gunduwa, ransa a jagule. Ni'imatu ta fito da kofin kunu, ta rame sosai, ta zauna a gefensa. Murna ta cika shi. Ta daɗe tana kallon hannunsa.

"Baba," ta ce, "jiya ina jin komi, awa daga cikin rijiya. Na ji sanda anka tambaye ka."

Hannun Mode ya tsaya.

"Don mi kad daɗe ba ka amsa ba?"