Kwalbar da Ba Suna

A ɗakin ɗibar jini ba mai kiranta da sunanta na gaskiya. Sau-Ɗaya ake ce mata, don kome ɓuyar jijiya, sau ɗaya take soka allura jini ya taho. Ita ma fa tana ji da sunan nan.

Ran wata Talata da hantsi ya shigo, dogon saurayi da ƙurar alli a hannun rigarsa, saɓe da yarinya 'yar shekara biyar da ta ƙanƙame masa wuya.

"Sannu da aiki, Likita. 'Yar yayata ce marigayiya, sikila gare ta. 'Yar Firit muke ce mata. Duk inda muka je sai an soke ta sau huɗu kafin a dace."

"Ni ba likita ba ce," ta ce, idonta a ƙasa, don ya yi mata kwarjini. "Zauna ka ɗora ta a cinya, ka rungume ta ta baya."

Ta ba yarinyar ruwa ta sha, ta naɗe mata hannu da tawul mai ɗumi, ta ɗaura roba, ta shiga lalube da yatsa. Can a bayan hannu ta ji wata jijiya siririya kamar zare.

"Sau nawa za ki soke ni?" in ji 'Yar Firit.

"Sau ɗaya. Na yi miki alkawari."

Haka kuwa aka yi. Kawun ya sauke ajiyar zuciya, ya dube ta ya ce, "Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Shi ke nan, hankali ya tashi sama. Dokar ɗakin ita ce, mara lafiya ba ya barin kujera sai an rubuta sunansa a jikin kwalba. Ita kuwa baiwar Allah, da ba ta taɓa raka kowa ba, sai ga ta har bakin ƙofa tana ɗaga musu hannu. Kafin ta dawo an kwashi kwalabe zuwa ɗakin gwaji, kuma can duk kwalbar da ba suna zubarwa ake yi.

Ta ɗauki lambarsa a takardar gwajin ta kira. Gaskiyar ta zo har bakinta, kunya ta mayar da ita.

"Jinin ne ya daskare," ta ce. "Sai kun dawo gobe."

Washegari jijiyar jiya ta kumbura, ba ta taɓuwa. Ta gwada wani wurin sau biyu, ba ta samu ba. Bayan biyu kuwa ba a yarda mutum ya ƙara ba, dole ta kira shugabarsu, Sista Babba, wadda ta samu a na uku. Ihun yarinyar har waje.

"Kin ce sau ɗaya! Kin ce sau ɗaya!"

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Na ga idonki ya cika da hawaye. Ba laifinki ba ne, Likitata. Jini ne ya daskare."

Daga wannan saƙon aka fara. Gaisuwar safe ta koma hirar yamma a bencin bakin asibiti, shi da littattafan ɗalibansa, ita da tsinannen sirrinta.

"Yau na rubuta kwanan wata a allo, ɗalibai suka ce na jiya ne. Ke kika ja min," in ji shi wata rana.

"Malam guda da rikicewa?" ta amsa, tana murmushi.

Son shi take, so na gaske, abin da ya ƙara wa laifin nauyi ke nan. Sista Babba, wadda tun ranar ta sa ta rubuta rahoton kuskuren da hannunta, ta tare ta wajen wanke hannu.

"Ƙanwata, a takardunmu kin faɗi gaskiya. A gidansu fa? Yarinyar nan wata biyu ba a kawo ta gwaji ba."

Ashe 'Yar Firit ko farar riga ta hango sai ta shige ƙarƙashin gado. Da Kawun ya kai wa Mama, mahaifiyarsa, maganar aure, tsohuwar ta tsuke baki.

"Wadda jikata ke ɓuya in ta ji muryarta? Ga 'yar maƙwabta nan, ita ke goya ta in ciwon ya tashi."

"Haba Mama! Wallahi ba laifinta ba ne."

Shi da kansa ya ba ta labari, yana alfahari da yadda ya kare ta. Rantsuwa ya yi, a kan ƙaryarta.

Ran Asabar da la'asar ta je gidan. Ta gaida Mama, ta ƙi hawa kujera, ta durƙusa a gaban labulen da ƙafafun yarinyar ke leƙowa ta ƙarƙashinsa.

"'Yar Firit, jininki bai daskare ba. Ni ce na manta ban rubuta sunanki ba, aka zubar. Sukan nan uku ni na ja miki, kuma na yi wa Kawu ƙarya. Ki yafe min."

Mama ta gyara zama.

"Me ya ɗauke miki hankali har kika manta?" in ji Mama.

Ta sunkuyar da kai. Mama ta dubi ɗanta sama da ƙasa, ta ce, "Uhm."

Shi bai yi dariya ba. A bakin ƙofa ya ce mata, "Mantuwa kowa na yi. Amma kin ji na rantse a kanki, kika yi shiru."

Kwana biyar wayarta ba ta yi motsi ba. Ta rubuta ta goge ya fi sau goma, a ƙarshe ta tura: "Ko ka fasa, don Allah a kawo ta gwaji. Sista Babba za ta ɗiba, ni zan fita."

A rana ta shida suka shigo su uku, har da Mama. Sau-Ɗaya ta miƙe za ta fita, yarinyar ta riƙe mata riga.

"Kaka ta ce wanda ya faɗi laifinsa ba ya sake yi. Sau nawa?"

"Ban sani ba, 'yar ƙanwata. Zan yi ƙoƙari. In biyu ta ƙi, zan kira Sista."

Sau biyu aka yi. Yarinyar ta yi kuka kaɗan, amma ba ta fizge ba. Kafin a sauke ta daga cinyar Kawu, Sau-Ɗaya ta rubuta sunan a gabanta harafi-harafi, ba ta ko ɗaga ido ta dubi dogon ba sai da ta gama.

"Yauwa," in ji Mama. "Yanzu kya iya kallonsa."

Ya kauda kai yana ɓoye murmushi. Suna fita saƙo ya shigo: "Fushin ya ƙi zama, Likitata. Iyayena za su zo gidanku."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Amarya na zaune cikin 'yan'uwa, 'Yar Firit ta kutso da filasta da biro, ta kama hannunta.

"Kada ki tashi, ban rubuta ba tukuna."

Ta manna filastar a bayan hannun, daidai inda aka saba sukan ita yarinyar, ta ciji harshe ta rubuta da karkatattun haruffa: MATAR KAWU.

"To, yanzu ba mai zubar da ke."

Amarya ta rungume ta tana kuka, kwalliya duk ta ɓaci. Mama ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa gaskiya ta riƙe muku gida." Ɗaki ya amsa da amin.