Fitilar da Barnaba Ya Sake Kunnawa

Ku matso nan. Rahila, ajiye kwanon nan, ba guduwa zai yi ba. Ke ce ɗazu a coci kika tsare malami da tambaya, wai in Allah ne ya yi kome, wa ya yi mugunta? Na ga yadda ya yi ta sosa ƙeya. To, ni ba malama ba ce, amma ina da labari, kuma ba tatsuniya ba ce. Wanda ya yi mini dariya sai na murɗe masa kunne.

Kun san Baba Barnaba, mai gidan bayan coci. Da ƙuruciyarsa haƙar rijiya yake yi. Su uku ne: shi, da ƙanensa Ishaya, da abokinsu Sila.

Aikin yana da doka. Ɗaya ya shiga, ɗaya ya riƙe igiya. Kafin kowa ya sa ƙafa, na sama zai zura fitila har ƙasa. Rijiyar da ta daɗe a rufe, iskar cikinta takan mutu. Ba wari, ba alama. In fitila ta dawo tana ci, a shiga. In ta mutu, kowa ya kama hanyar gida. Na sama ne mai dubawa, abin da ya faɗa shi ne.

Wata rana Barnaba yana kwance da zazzaɓi, Ishaya da Sila suka tafi aiki su biyu. Ishaya ya shiga gaida masu gida. Sila ya ɗaga fitila, ya ji ba kananzir. Ƙyuya ta hana shi komawa. Da Ishaya ya fito ya ce, "Ka zura?" Ya ce, "Na zura, lafiya lau."

Da ƙugiya aka ciro gawar Ishaya. Ya bar matarsa da tsohon ciki.

Ran Lahadi Sila ya tsaya gaban ikilisiya yana kuka da majina, wai sharrin Shaiɗan ne. Aka sa shi horo, wata shida a bencin baya. Wata shida fa, a kan ran mutum! Da suka cika dattawa suka kira Barnaba.

"Ka yafe?"

"Na yafe."

Ƙarya yake yi. Duk ran jibin Ubangiji, in ana zagayawa da gurasa da ƙoƙo a coci, yana kallon Sila yana kai ƙoƙo baki, shi kuwa zuciyarsa tana tafasa. Ya bar cin abinci da kowa. Ya bar waƙa. In ya durƙusa addu'a, abu ɗaya yake roƙo: Allah ya nuna masa gawar Sila.

Shekara uku a haka. Sai aka yi wata bazara mai tsanani, rijiyoyi suka ƙafe. Mutanen Tudun Gora suka aiko a zo a yashe musu wata tsohuwar rijiya da suka rufe tun zamanin kakanninsu. Fasto na lokacin ya ce ai ga dama ta samu, Barnaba da Sila su yi aikin tare, jama'a su gani da ido an yafe. Wai Sila ya shiga, Barnaba ya riƙe igiya. Haba! Mutumin kirki ne faston nan, amma ranar ya yi wauta.

Sila ya yi sammako a kan keke don ya buɗe bakin rijiyar. Barnaba ya biyo baya a ƙasa, igiya a kafaɗa, fitila a hannu. Bai bi babbar hanya ba. Ya yanke ta tsohon burtali, inda tsamiyar nan take.

Rana tana tsaka. Ku da kuke tsammani sai cikin duhu miyagun ruhohi suke fita, ku sake tunani.

Daji ya yi tsit. Ko kurciya ba ta kuka. A gindin tsamiya ya ga wani dattijo a zaune, ya lulluɓe da farin gwado. Gwado, a wannan zafi. Barnaba ya rage tafiya.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Sannu, Barnaba."

Ya tsaya cak. Ba sunan ne ya tsayar da shi ba, muryar ce. Ya san ta, amma ya rasa inda ya san ta. Sai da dattijon ya ƙara cewa, "Zauna mana," sannan ya gane. Tasa ce. Muryarsa ce sak ke fitowa daga bakin wani.

Ya dubi ƙasa. Ƙafafun dattijon jiƙe suke sharkaf da baƙar laka har ƙauri, tana ɗiga. Ga shi ko'ina ƙasa ta tsattsage don fari.

Iliya, sakar mini zane. Kai ka ce ba ka jin tsoro.

Barnaba ya so ya kira sunan Yesu. Ya buɗe baki, sai ya fasa. Ku riƙe wannan, ba wanda ya toshe masa baki. Shi ya fasa, don yana so ya ji abin da za a ce.

Dattijon ya ce, "Daga rijiyar can nake. Na shiga na gani. A zurfin gaba bakwai fitilarka za ta mutu."



Ya ƙara da cewa, "Kai kaɗai za ka gani."

Barnaba ya tsuguna. Ya ce, "In kai ne wanda nake zato, ka kashe mini shi. Ka ture shi ciki. Ai aikinka ne."

Dattijon ya yi tsaki. Ganyen tsamiya suka zubo, ba iska.

"Aikina? Ku mutane kun ishe ni. Ran da ƙanenka ya mutu ina nan a zaune, ban motsa ba. Mutum ya ji ƙyuya, ya yi ƙarya, ya je gaban jama'a ya ɗora mini. Ina jin haushinsa fiye da kai."

"To, wa ya sa shi?"

"Ni wa ya sa ni? Da aka yi ni, da kyau aka yi ni. Na fi ka kyau nesa ba kusa ba. Lokacin babu mai ruɗi, babu wanda zai raɗa mini a kunne. Na ga abin da aka ce, na ga abin da nake so. Na ɗauki nawa."

Hawaye suka zo wa Barnaba, na baƙin ciki. Ya ce, "Allah yana gani. Yana gani Ishaya yana ɗaura igiya. Me ya hana shi kama bakin Sila?"

"Da yana kama baki, da yau ya kama naka. Kana so ya kama?"



"Ka gani," in ji dattijon. "Shi bai yi mugunta ba. Ya yi ku, ya sakar muku hannu, wai don ku so shi da kanku. Ni labari kawai na ba ka. Tashi, mutuminka yana jira."

Da Barnaba ya ɗaga kai, ba kowa. Sai laka a inda ƙafafun suke.

Ya isa Tudun Gora. Rijiyar tana bayan gari, mutane duk sun shige inuwa. Sila ya buɗe ta, ya gitta itace a baki. Ya yi masa sannu da zuwa, ya koma gefe yana tuɓe riga.

Barnaba ya ƙyasta ashana, ya kunna fitila, ya zura. Gaba uku. Gaba biyar. Wutar ta yi ja. A gaba bakwai ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke.

Ya jawo ta a hankali. Ya juya baya. Ya sake ƙyasta ashana.

Sila ya matso. Ya dubi fitila tana ci. Ya dubi ƙasa. Tsinken ashana biyu a ƙone, gefe da gefe, ɗaya bai gama hayaƙi ba. Tsohon ma'aikaci ne, ba yaro ba. Ya daɗe yana kallon Barnaba.

"Tana ci?"

"Tana ci."

"To."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya ɗaura igiya a ƙugu da hannunsa, ya ja ƙullin ya ji ya kama. Ya miƙa wa Barnaba ɗaya bakin. Ya sani sarai, ya shiga.

Igiya tana tafiya a hannun Barnaba. Yana jin daɗi, kada wanda ya ce muku bai ji ba. Da bakinsa ya gaya mini. Ya ce shekara uku bai sha iska mai daɗi irin ta lokacin ba. Sai igiyar ta fizge, ta yi nauyi, ta tsaya. Ba motsi.

Ya ɗaga ido. Dattijon yana tsaye a ɗaya gefen rijiyar, ya harɗe hannu a ƙirji. Bai ce saki ba. Bai ce ja ba. Kallo kawai.

Barnaba ya leƙa. Can ƙasa ya hango mutum a rataye, kai ya langaɓe, hannuwa suna lilo. Haka Ishaya ya rataya, ba wanda ya ja shi.

Ya yi ihu, "Kama mini!"

Dattijon ya amsa da muryar Barnaba, a sanyaye, "Ban taɓa igiyar nan ba da za shi. Ba zan taɓa ta yanzu ba."

"Yesu, ka taimake ni!"

Ya kafa ƙafa a jikin itacen, ya ja. Mutum ɗaya, nauyin ƙato sumamme, gaba bakwai. Igiya ta saɓule masa fatar tafin hannu. Jini ya sa tana sulɓewa, ya naɗe ta a damtse ya ci gaba. Yana ja yana zagin Sila, yana ja yana kuka. Da mutanen gari suka ji ihu suka sheƙo, sun tarar ya fito da shi, ya kwantar, yana hura masa iska a baki. Ba kowa a wurin sai su biyu. Amma wata tsohuwa ta ce ta ga sawun laka ya nufi daji.

Sila ya rayu. Sai dai ya daɗe a ciki, iskar ta taɓa masa kai. Bai ƙara magana ba. Hannunsa na dama ya shanye. Matarsa ta yi shekara biyu tana fama, ta tattara ta koma garinsu.

Kun san tsohon nan da ke zaune kan tabarma a ƙofar Baba Barnaba, wanda miyau ke zuba masa, kuke wucewa da gudu? To, shi ne Sila. Shekara talatin da ɗaya Baba Barnaba ke masa wanka, yana ba shi tuwo a baki. Ba wani dattijon coci da ya sa shi.

Bara na kai musu kunu, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, yanzu dai ka yafe masa?"

Ya daɗe yana juya ludayi. Ya ce, "Tabita, jiya na yafe. Yau da safe na tashi na tuna Ishaya, na ji kamar in kife masa kwanon nan a ka." Ya hura kunun, ya kai bakin Sila. Ya ce, "Gobe ma sai na sake zaɓa."

Tsamiyar tana nan, ba a sare ta ba. Kada in ji wani ya bi burtalin nan shi kaɗai, ko da rana tsaka. Balle in kana riƙe da wani a rai. Ba zai taɓa ka ba, ko yatsa ba zai ɗaga ba. Zai dai gaya maka inda fitila za ta mutu.

Ku tashi ku wanke hannu.