Satar Zomanya Mai Jego

"Zomo?" in ji Insifekta, ya sauke tabaronsa zuwa kan hanci. "Malama, saboda zomo kika ture mini saje a bakin ƙofa?"

"Zomanya, Yallaɓai. Kuma ban ture shi ba, shi ne ya tare hanya."

Malamar firamare ce, har yanzu da kurar alli a gefen mayafinta, idanunta sun yi ja. Ba ta tsaya dogon bayani ba. Kwalin takalmi ta ɗora a kan teburinsa, ta buɗe a hankali kamar mai tsoron kada iska ta shiga.

Insifekta ya leƙa. Da farko tulin farin gashi kawai ya gani. Sai gashin ya motsa. A ƙarƙashinsa wasu 'yan halittu ne jajaye, tsirara, idanu a rufe, kowanne bai fi babban yatsansa ba.

"Su bakwai ne," in ji Malama. "Da asuba zomanyata Auduga ta haife su. Ko nono ba ta ba su ba na tafi makaranta. Na dawo, babu ita a keji. Dubi cikinsu yadda ya yamutse. Zomanya sau ɗaya take shayarwa a yini, Yallaɓai. In rana ta faɗi ba su sha ba, ba na jin za su ga gobe."

"A ɗura musu madara mana," in ji Saje daga bakin ƙofa.

"Shaƙewa suke yi. Uwarsu suke bukata."

Insifekta mutum ne da ya ga 'yan fashi ido da ido bai ko ƙifta ba. Ya miƙa yatsa ɗaya cikin kwalin don ya tabbatar, ba don komai ba. Wani ƙaramin baki mai ɗumi ya kama yatsan ya fara tsotsa. Wayyo, zuciyar ɗan Adam! Shekarun aiki duka suka narke a wurin.

Ya yi gyaran murya, ya ɗauki hularsa. "Saje, fito da mota."

A bayan gidan Malama akwai rumfar kwano, ƙarƙashinta keji biyu na waya. A ɗaya wani ƙaton namijin zomo mai ruwan toka yana zaune yana tauna ciyawa, ko kallonsu bai yi ba.

"Mijin ke nan?" in ji Insifekta.

"Shi ne. Shugaba."

"An sace masa mata yana cin abinci," in ji Saje. "Lallai Shugaba ne."

Insifekta ya tsuguna gaban kejin da babu kowa. An mayar da sakata, har an naɗe ta da waya yadda Malama ta saba yi. Ya duba ciki.

"Ina kwanon ruwanta?"

Malama ta leƙa. "Babu shi. Babu na dusar ma." Ta ɗaga kai ta kalli igiyar shanya. "Har da tawul ɗina mai ruwan hoda!"

"Ɓarawon da zai kai zomo tukunya ba ya tafiya da kwanon ruwansa," in ji Insifekta. "Wannan ya naɗe ta a tawul, ya kwashi kayan abincinta, ya rufe ƙofa. Ba ci zai yi ba." Ya zaro wani ganye daga tsakanin waya. "Wannan fa?"

"Latas. Ni ba na ba su latas, yana sa su gudawa."

"Wa yake gida in kin tafi aiki?"

"Umma. Amma Umma ko kusa da su ba ta zuwa."

Umma tana falo a kan kujera mai hannu, tana ta fifita da murfin kwali, fuska a ɗaure.

"Hajiya, barka da yamma."

"Barka dai, Yallaɓai. Ni fa na faɗa mata tun farko. Mace da iliminta, maimakon ta tara mini jikoki, ta tara mini masu dogayen kunne."

"Yau kin je wurin kejin?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Warinsu ma ba na so."

Insifekta ya gyara tabaronsa. Kallonsa kawai ya sauke zuwa hannun rigarta, inda fararen gashi suka manne, sannan zuwa wata leda a gefen kujera da ganyen latas ya leƙo daga cikinta.

Malama ta riƙe baki. "Umma! Ashe ke ce kike sa su gudawa?"

"To, kallona suke yi!" in ji Umma, ta yar da murfin kwalin. "In na wuce sai su tsaya da ƙafa biyu suna motsa hanci. Dutse ce ni?"

"Me kika gani yau da safe, Hajiya?"

Muryarta ta sauka. "Baiwar Allah nan na gani, ƙirjinta duk a tsige, fata fili. Ga jini a kan ciyawa. Hankalina ya tashi, na ce cuta ce ta kama ta."

"Umma, ita ta tsige da kanta!" in ji Malama. "Haka suke yi in za su haihu. Da gashin ƙirjinta take yi wa 'ya'yan shimfiɗa. A lokacin suna cikin akwati a lungu, a lulluɓe."

"Ke kin faɗa mini ta haihu?"

"Kin ce kada in ƙara yi miki maganar zomo a gidan nan."

Insifekta ya ɗaga hannu. "Da hankalinki ya tashi, wa kika gaya wa?"

"Babu kowa. Kasuwa na wuce."

Ya ɗauki ledar latas ɗin ya zazzage. Wani ƙaramin ƙullin auduga da kwalbar ruwan wanke ciwo suka faɗo.

"A kasuwar kayan miya ake sayar da wannan?"

Umma ta kawar da kai. "Mai Kemis yaron kirki ne, Yallaɓai," ta ce a hankali. "Kullum sai ya tambaye ni lafiyarta. Ba lafiyar zomon ba."

Malama ta sunkuyar da kai tana gyara murfin kwalin jariran, ko da yake babu abin da ya same shi.

Shagon magani yana kan kwanar layin. Mai Kemis dogo ne siriri, saurayi mai yawan sunkuyar da kai. Da ya hango kakin 'yan sanda, ga Malama a bayansu, sai kwalbar da ke hannunsa ta kusa suɓucewa.

"Sannunku da zuwa. Me za a ba ku?"

"Amsa," in ji Insifekta. "Hajiya ta zo nan da safe?"

"Ta zo. Ta sayi auduga. Wato audugar ciwo."

"Ta yi maka maganar zomo?"

"Ban... ban riƙe ba. Mutane da yawa suna zuwa."

"Ka fita daga shagon nan yau?"

"Ko ƙofa ban taka ba, Yallaɓai."

"Ana wannan zafi, ka sauke hannun riga har wuyan hannu. Naɗe mu gani."

Mai Kemis ya naɗe kamar wanda za a yi wa allura. Dogayen yakushi ne ja wur daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, an bi su da filasta.

"Kyanwa ce," in ji shi.

"Kyanwa da hannu take yakushi, gajere," in ji Malama. Ta matso ta duba. "Wannan ƙafar baya ce. Haka zomo yake yi wa wanda ya ɗauke shi bai tallafi gindinsa ba."

"Kana da kyanwa?" in ji Saje.

"Ta maƙwabta ce."

Insifekta ya dubi ƙofar sito da ke bayan kanta. Ya dubi rana ta taga, ta riga ta karkata. Sai ya ce da Malama, "Yaya kike kiranta?"

Malama ta tsuke leɓe ta yi wani ɗan sauti sau biyu. Kowa ya kasa kunne. Daga bayan ƙofar sai aka ji dum! Aka sake ji, dum! Ƙafar zomo ce take dukan kwali.

"Kyanwar maƙwabta tana da ƙarfi," in ji Saje, ya tura ƙofar.

Ga Auduga nan a cikin katon ɗin magani, a kan tawul mai ruwan hoda, kwanon ruwanta a gefe, an kunna mata ƙaramar fanka. Ƙirjinta ya sha man shafawa har yana ƙyalli.

"Man ƙazuwa!" in ji Malama. "A kan nonon da za su sha? Ruwan ɗumi, maza!"

Ba a taɓa ganin wanda ake tuhuma ya yi gudu irin na Mai Kemis ba, kuma ba ƙofa ya nufa ba, butar lantarki ya nufa. Insifekta da kansa ya riƙe zomanyar a cinyarsa, hannu ɗaya a ƙarƙashinta yadda aka nuna masa, Malama tana wankewa tana tsanewa, tana sake wankewa. Kakinsa ya jiƙe. Bai ko lura ba.

Aka ajiye kwalin jariran a ƙasa. Auduga ta shinshina, ta ja da baya. Kowa ya zuba mata ido. Ta sake shinshinawa, ta yi tsalle ta shiga, ta tsaya a kansu ta gantsare. Gashin ya hau motsi ta ko'ina, 'yan ƙafafu suna harbin iska.

Da ta fito ta koma gefe tana lasar hannu, Malama ta ɗago ƙaramin cikinsu. Cikinsa ya yi tim kamar an hura. Ta yi dariya, hawaye suna zuba. Saje ya juya yana karanta kwalayen magani da ƙwazo na ban mamaki.

"To," in ji Insifekta. "Muna jinka."

Mai Kemis ya zauna a kan katon. "Ni na ɗauke ta. Da Hajiya ta ce ba ta da lafiya, sai na tuna yadda Malama take sonta. Na ce in ta dawo ta gan ta haka za ta yi kuka. Na shiga ta ƙofar baya. Niyyata in yi mata magani har gashin ya fito, in mayar da ita lafiya lau, ko... ko Malama za ta san da ni. Wallahi ban san akwai 'ya'ya ba."

"Da muka tambaye ka fa?"

"Kunya, Yallaɓai. A gabanta."

"Ka shiga gidan mutane babu izini, ka ɗauki abin da ba naka ba, ka yi wa ɗan sanda ƙarya har sau uku. Ga kuma satar tawul. Tashi, za ka ba da bayani a ofis. Ba za ka fito ba sai wani ya tsaya maka."

"A sa ankwa?" in ji Saje.

"Bar shi. Zomanya ta riga ta hukunta hannun."

Mai Kemis ya rufe shagonsa, ya bi su kai a ƙasa. Umma ta iso tana haki, maƙwabta sun taru a bakin titi. Saje ya buɗe ƙofar mota. Insifekta ya ɗan jinkirta, yana goge tabaron da ba shi da datti, yana kallon Malama ta gefen ido.

Tana tsaye a bakin shagon, Auduga a ƙirjinta, kwalin a hannun Umma. Ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Yallaɓai, kada ku rufe shi! Bari in kai su gida in dawo. Ni zan tsaya masa."