Tsakanin Multan Da Lucknow

"Zunaira! Waye yaron nan da ke riƙe da hannunki a hoto?"

Muryar Abbu mahaifina ce a waya, daga garinmu Multan. Cokalin da nake ba tsohuwa Burul apa kunu da shi ya suɓuce min.

"Abbu, ɗan ajinmu ne... Tabish..."

"Ɗan Indiya! Na tura ki Bishkek karatun likita, shi ne kika rasa wanda za ki kwaso min sai ɗan Indiya?"

Ƙit, ya kashe.

Duk Asabar ni da Tabish muke cusa kanmu a ƙaramar bas zuwa gidan tsofaffin nan na bayan gari, aikin sa kai. Mu auna jini, mu wanke gyambo, mu yanke farce. A nan na fara sonsa, ranar da na tarar da shi durƙushe yana yi wa wani tsoho aski, yana zuba gurgun Kirgizanci, yaren mutanen garin, tsohon na dariya har da tari. Yarenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya. Fasfo ne kawai ya raba mu, ƙasata da tasa ba sa ga maciji.

Burul apa ta leƙa fuskata.

"Kuka kike, 'yata? Wannan dogon banzan ne? Kira min shi in murɗe masa kunne!"

Sai ga Tabish da butar shayi. Yana ganina ya dire ta.

"Rayuwata, me ya faru?"

"An tura wa Abbu hotonmu..."

Na san mai aikin. Areeba, abokiyar ɗakina, 'yar garinsu Tabish. Da na koma na same ta tana soya albasa, ko musu ba ta yi ba.

"Taimakonki na yi, 'yar'uwa. Ni ɗan sahu ɗaya zai sauke ni ƙofar gidansu a Lucknow. Ke fa? Ta ina za ki bi?"

Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Tabish ya kira Ammi, mahaifiyarsa, a gabana. Ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi.

"Ɗana, ban ƙi yarinyar ba. Amma surukar da sai an nema mata biza kafin ta zo kan gawata? Jikokina a ƙasar wa za su tashi?"

Asabar ta gaba ya same ni a ɗakin wanki ina ninke zannuwan gado. Idanunsa jajur.

"Mu zauna nan, Zunaira. A ɗaura mana aure a masallacin unguwa, mu nemi aiki. Ba Multan, ba Lucknow!"

"Ammi fa? Kai kaɗai ta haifa."

"Zan riƙa zuwa..."

Na ja hannunsa zuwa bakin ƙofa. Burul apa na zaune jikin taga da sabon ɗankwalinta, tana kallon titi. Ɗanta ya tafi aiki Rasha, shi ma cewa ya yi zai riƙa zuwa.

"Haka kake so Amminka ta zama? Haka nake so Abbu ya zama?"

"Ni fa, Zunaira? Ni kuma yaya zan zama?"

Na kasa kallonsa.

"Ka yafe min, masoyina..."

Ya zauna kan tulin zannuwan ya rufe fuska. Ban taɓa jin kukan namiji irin wannan ba.

Abbu ya bar ni na ƙarasa karatu, bisa alƙawarin zan daina zuwa gidan tsofaffin. Na canza ɗaki. A aji Tabish yana gaba, ina can baya, ƙeyarsa kawai nake kallo har muka gama.

A filin jirgi ya tsaya nesa da ni, saboda yayana da ya zo ɗaukata. Da yayan ya juya wajen kaya, ya matso.

"Idan lamura suka daidaita, zan zo."

"To."

Dukkanmu mun san ba zai yiwu ba.

Yanzu ina aiki a asibitin yara a Multan. Areeba ma ba ta same shi ba, wata ya aura, zaɓin Ammi. Bara wata 'yar ajinmu ta ce min an haifa masa 'ya mace.

"Kin san sunan da ya sa mata?"

"Kar ki faɗa min!"

Tsoro nake a ce sunana ne.

Tsoro kuma nake a ce ba shi ba ne...