Notin da Aka Ba Ruwa

"Kowa shi sauko! Hannu bisa kai!"

Na'Allah ne ke wannan ihun, bindiga a hannu, da rana tsaka, a kan hanyar Isa zuwa Sabon Birni, ɗan gaba da Turba. Kututturen giginya na kwance a tsakiyar hanya. Babbar motar fatake ta ci burki, mutane na dirowa ɗaya bayan ɗaya, wani da takalmi ƙafa ɗaya, wani da goro a baki ya manta da taunawa.

Halliru ko kallonsu bai yi ba. Yana zaune cikin akori-kurar da suka zo da ita, ya karkata kai yana sauraren inji. In ka tambaye shi, shi ba ɗan fashi ba ne, bakanike ne. Fashin dai a gabansa ake yi.

Kalilu maƙeri, wan matar Halliru, shi ke jidar kaya. Dilolin atamfa da alawayyo yake ɗauka yana jefawa bayan akori-kura. Da ya zo kan dila ta ƙarshe, sai mai kayan, wani dattijo Alhaji Attahiru, ya rungume ta.

"Sake ta, tsoho!" in ji Na'Allah.

"Ɗana, ka ji tsoron Allah, wagga ba tawa ta ba, amana ta..."

Daram!

Bindigar Na'Allah ce ta tashi. Alhaji ya zauna a ƙasa, sannan ya kwanta. Tsuntsaye suka watse daga kan tsamiya.

Sai a lokacin Halliru ya ɗago. Kafin wannan harbin, in an kama su, gidan yari ne. Yanzu kuwa igiyar rataya ce. Abin da ya rage musu ɗaya ne, su ƙetare iyaka su faɗa ƙasar Faransi kafin 'yan sandan Ingilishi su cim musu.

"Ja mu tahi!" in ji Na'Allah, ya faɗo gaban mota, Kalilu na biye.

To, bari ku ji yadda aka yi mai sana'ar hannu kamar Halliru ya tsinci kansa a nan. A soja ya koyi kanikanci, lokacin yaƙin Boma. Can ya ga wata na'ura da ake ɗaura wa inji, tana tura masa iska da ƙarfin tsiya, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Shekara goma da dawowarsa, ya tsinci irinta a jikin wata matacciyar motar soja a Maraɗi. Ya kwance ta, ya sa mata suna Zugazugi. Duk mai motar da ya yi wa tayin ɗaurawa sai ya ce masa Allah ya ba da sa'a. Na'Allah kaɗai ya ce ga motarsa nan, kuma bai ɓoye abin da zai yi da gudun ba. Halliru ya ji, ya yi kamar bai ji ba. Wannan laifin nasa ne, kuma ya sani.

Wata biyu ya yi a kan injin nan. Ɗaura Zugazugi aikin yini ɗaya ne, cikin injin ne wahalar.

"In ka hura mishi iska haka nan, tarwatsewa za shi yi," ya gaya wa Na'Allah. "Sai an sake mishi kayan ciki."

Ya fidda fistin shida, ya sa masu kauri, ya rarake kawunansu don matsi ya ragu. Ya haɗa gaskit biyu na jan ƙarfe, shimfiɗar da ke hana kan inji yoyo. Ya sake mital, wato ƙarafan da kayan inji ke juyi a kansu, ya ƙara wa famfon baƙin mai ƙarfi. Sai kwanrod, wato sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf, babban ƙarfen da ke juyi a gindin inji. Kowanne noti biyu ke riƙe da shi, goma sha biyu ke nan, kuma duk ƙarfin injin a kansu yake sauka. Har Gusau ya je ya samo notin babbar motar gyaran hanya. Ya ba Kalilu ya wanke masa su da kananzir, suka dawo suna ƙyalli. Shekaranjiya ya ɗaure inji. Ya nemi kwana bakwai na gwaji, Na'Allah ya ce motar fatake ba ta san wannan zancen ba.

A wajen fashin nan an tuna da komai, ban da sace wa motar fatake iskar taya. Direbanta ya juya kai, bai tsaya ba sai ƙofar ofishin 'yan sanda a Isa.

Saja Ɗanmusa na cikin cin dafaffen rogo. Ya saurara har ƙarshe, ya goge hannu a wando.

"Su nawa?"

"Ukku, ranka shi daɗe. Sun rufe huska. Sun kashe Alhaji!"

"Kofur, tada jif!"

Halliru kuwa lallaɓa mota yake yi. Kaya sun yi mata nauyi, ga yashi. Bai taɓa Zugazugi ba tukuna. Wani mariƙin ƙarfe ya yi masa kusa da giya, in an ja sai bel ya kama. Sun wuce Gatawa da kaɗan Kalilu ya leƙa baya.

"Ga su nan hwa!"

Jif ce, tana tafe tana tsalle, bakin bindigogi a waje.

"Ja abin naka!" in ji Na'Allah.

Halliru ya kai hannu. Kalilu ya yi murmushi, ya dafa masa kafaɗa.

"Ja shi, kak ka ji komi. Notin nan ko giwa ba ta tsinka su. Na ba su ruwa."

Hannun Halliru ya tsaya cak.

"Mi kac ce, Yaya?"

"Na ba su ruwa, nic ce. Da ka ba ni wanki, na sa zarto na ga yana cin su. Ƙarhen da zarto ka ci, ƙarhe na? Nis sa su wuta har sunka yi jajir, nit tsoma su ruwan randa, nig goge su da toka. Ban hwaɗa ma ba don kak ka yi ta godiya."

Wayyo, Kalilu! Haka ubansa ke yi wa gatari, haka kakansa ya yi wa takobi. A maƙera, ƙarfe mai tauri shi ne ƙarfe. Ina zai san notin kwanrod so ake ya ɗan miƙe ya koma, sau dubbai a minti ɗaya? Wanda aka ba ruwa ba ya miƙewa. Karyewa yake yi kamar ƙanzo.

"Yaya, ka kashe mu," in ji Halliru a hankali.

"Ni? Gyara niy yi!"

"Ku bar man gardamar banza!" Na'Allah ya daka tsawa. "Ja!"

"Maigida, in nij ja, inji na hwashewa. In ban ja ba, suna kama mu. Zaɓi wanda kaka so."

Tau! Harsashi ya fasa madubin gefe. Na'Allah ya ɗora bakin bindiga a kunnen Halliru.

"Na zaɓa."

Halliru ya yi bisimilla, ya ja.

Bel ya kama. Zugazugi ya saki wani irin kuka — wiiii! Akori-kura ta zabura, kujera ta doki bayansu. Mil arba'in! Hamsin! Sittin! Itatuwa suka riƙa wucewa ba a gane su. Jif ta koma 'yar mitsitsiya a baya.

"Kun gani?" Kalilu na ihu yana dukan ƙofa. "Kun ga aikin ruwa?"

Gaskiya a faɗe ta, a wannan ɗan lokacin Halliru ya ji daɗin da bai taɓa ji ba a rayuwarsa. Fistin sun riƙe, gaskit ya riƙe, lissafinsa duk ya fita. Har ya fara cewa a ransa ko Allah zai sa...

Ƙas!

Sannan — garararam! Kwanrod ya fasa gefen inji ya fito waje. Baƙin mai ya wanke gilashi. Tayoyin baya suka ƙulle, mota ta juya, ta daki gaɓar rafi, ta faɗi ta gefen ƙofar Kalilu.

Halliru ya fito ta taga da rarrafe. Kalilu na ƙasa, ƙofa ta buɗe ta jefar da shi, gangar motar ta danne masa ƙirji. Na'Allah ya riga ya miƙe, yana kakkaɓe riga. Iyaka ba ta fi mil ɗaya ba, ana hango rumbunan ƙauyen ƙetare.

"Maigida, kama man mu ɗaga!"

"Ɗaga abinka. Ku kunka ɓata, ku gyara."

Ya rataya bindiga ya shige geza da gudu.

Ƙafafun Halliru lafiya lau suke, da ya bi shi da ya tsira. Sai ya tuna ƙanwar Kalilu ce ke jiransa a gida, kuma shi ya jawo Kalilu wannan tafiya saboda bai da mai riƙe masa sifana. Ya lalubo jak, ya kafa, ya fara bugawa. Jak na nutsewa cikin yashi, yana tonowa yana sake kafawa, hawaye na zuba.

"Halliru," in ji Kalilu, murya can ƙasa. "Amma dai sun yi tauri, ko?"

"Sun yi tauri, Yaya."

A haka Saja Ɗanmusa ya same shi, yana buga jak a kan gawa.

Ga abin da ranar ta ci. Alhaji Attahiru ya tafi, Kalilu ya tafi. Atamfa ta sha baƙin mai, ko kyauta ba mai karɓa. Na'Allah ya ƙetare, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Fatake kuwa ba su ga fuskar wanda ya yi harbi ba, sun dai san mutum ɗaya ne a hannu, laifin kisan kuma a kansa ya faɗa.

Kwana uku bayan haka aka ɗauki Halliru zuwa Sakkwato, inda babban alƙali ke zama. A tsakiyar daji jif ta yi tari sau biyu ta mutu. Kofur ya buɗe gaba, ya taɓa nan ya taɓa can, ya fara dukan kafireto, mahaɗar fetur da iska, da dutse.

Halliru ya kau da kai. Duk yinin da motar nan ta yi a tsaye, yini ne aka ƙara masa a duniya. Ya ciji leɓe. Kofur ya ƙara ɗaga dutse.

"Kai, bari!" in ji Halliru. "Ba nan ba na. Saja, kwance man hannu."

Saja ya dube shi ya daɗe, sannan ya fiddo makulli.

Minti goma ya yi. Ya goge hannu, ya miƙa aka mayar da ankwa. Har Sakkwato motar ba ta ƙara yin tari ba.