Irin da Ya Jira Rana

Ranar da Tamsin ta fara ganin Alfie, zarto ne a hannunsa, yana kayar da dogayen itatuwan da ake kira fayin, waɗanda mahaifinta ya dasa a kan tudun ƙauyensu shekara arba'in baya.

"Kai malam! Mai kula da gandu ne kai ko mahauci?"

Ya cire hular kwano yana dariya. "Ceton tudun nake yi. Inuwar nan ce ta kashe furen heda, ɗan tsiron da ke rufe tudun nan a da."

Ta tafi tana harararsa. Washegari sai ga ta da shayi a fulas, wai hanya ce ta biyo da ita. Kafin sanyi ya wuce, wayarta ta daina hutawa da saƙonni tsakaninta da Alfie.

"Tsuntsuwata, itace tara na sare yau, kowanne da tunaninki."

"Sarkin ɓarna. Ka dai ci abinci?"

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Mista Hedley, ya ce atafau. "Ni da marigayiya mahaifiyarki muka dasa su, gwiwa a ƙasa. Wanda ya sare su ba zai zauna a teburina ba."

Tamsin na son Alfie har cikin ranta, amma tsohon nan shi kaɗai ya rage mata, ba za ta yi aure yana fushi ba. Shekara uku ana wannan ja-in-ja, duk ta rame.

A watan Agusta saƙon Alfie ya shigo: "Kawo Baba tudu ranar Lahadi, don Allah."

Da kyar ta jawo shi, yana ta mita. Suna hawa ya yi tsit. Furen heda ya rufe tudun ruf, ƙudan zuma na ta kai-komo.

"Ko ƙwaya ban shuka ba, Baba," in ji Alfie. "Irin na kwance a ƙasa tun kafin ku dasa. Rana kawai yake jira."



"A nan na fara ganin mahaifiyarki," in ji tsohon. "Haka wurin yake sak. Ranar da muka fara dashe sai da ta yi kuka. Ni ne na manta."

Ya sunkuya ya tsinko reshe guda, ya soke a rigar Alfie.

"Baba, an hana tsinkar fure a gandun nan," in ji Alfie.

"Ka kai ni ƙara bayan biki, sarkin ɓarna. Allah ya yi muku albarka."

A cocin ƙauyen aka ɗaura auren, busasshen reshen na maƙale a ƙirjin ango.