Man da Yaya Sahura Ta Haɗa

Tun ranar da aka ɗaga bikinta, Rumaisa'u ta juya madubin mahaifiyarta ya fuskanci bango. Ɗan ƙaramin madubi ne mai tsaga a gefe, shi kaɗai ya rage mata daga kayan ɗakin marigayiyar. Kakarta takan yi mita ta ce ta juyo shi, ita kuwa sai ta ci gaba da tankaɗe kamar ba da ita ake ba.

Da can ƙurajen nata ba abin damuwa ba ne, 'yan ƙanana a goshi da haɓa, su zo su tafi, irin na 'yan mata da yawa a Dogon Dutsi. Da su a fuskarta Nasiruddeen mai gyaran waya a bakin tasha ya gan ta, da su kuma ya turo magabatansa. Bayan an sa rana sai ga yayarsa Sahura, mai sayar da kayan shafe-shafe, ta shigo da wata 'yar roba marar rubutu. Ta ce da hannunta ta haɗa man, a shafa safe da yamma, don gidansu ba a kai musu amarya da tabo a fuska.

Da farko fuskar ta yi haske ta yi sumul, har ƙawaye na tsokanarta. Daga baya ta rikice. Ƙuraje manya masu ruwa suka rufe kumatu har wuya, fatar ta yi ja tana zafi ko iska ta taɓa ta. Sahura ta ce dattin ne ke fita, ta matse su, ta goga lemun tsami da kanwa. Rumaisa'u ta matse, ta goga, tana hawaye.

A wurin wani suna a Keche aka gama da ita. Gaban mata cike da tsakar gida Sahura ta ɗaga mata hijabi ta ce, "Ku duba min wanga. Wannan ba buton ba ne irin ƙurajen 'yan mata, aljana doguwa ce ta shafe ta. Haka za a kai wa ƙanena?"

Kafin la'asar maganar ta isa kunnen Hajiya Ummu, mahaifiyar su Nasiruddeen, ta ce a dakata da biki sai an ga abin da Allah ya yi. Da uwar Rumaisa'u na raye, wa zai ɗaga mata hijabi a taro? Rumaisa'u ta dawo gida ba ta yi kuka ba. Ta rufe robar man, ta tura can ƙasan akwati, ta rantse a ranta sai Sahura ta ɗanɗani abin da ta ɗanɗana.

Nasiruddeen bai yarda da zancen doguwa ba, amma ba ya iya ɗaga wa mahaifiyarsa murya. Abin da ya iya shi ne ya sa ƙanwarsa ta raka Rumaisa'u dispansar. Madam Eliane, mai duba marasa lafiya, ta shinshina man da ta ɗauko mata, ta girgiza kai. Ta ce irin wannan haɗi yakan ƙunshi magani mai ƙarfi da ke sa fata ta yi haske ta kuma yi siriri, daga nan sai ƙuraje su ɓarke. Su ƙurajen asali kuwa ba ƙazanta ba ne, ba iska ba ne, maiƙon fata ne ke toshe ƙofofin gashi. Ta hana ta matsa, ta hana lemun tsami da mai mai nauyi, ta ce ta wanke da sabulu marar ƙarfi safe da yamma, ta kare fuskar daga rana. Ta rubuta mata magani.

"Za ta ƙara rikicewa kafin ta lafa, ɗiyata. Wannan ciwon ba ya son gaggawa."

Damina ta zo, gero ya yi kai, fuskar na lafawa a hankali kamar ƙasa bayan ruwa. Zuciyar ce ta ƙi lafawa. Duk ranar da Nasiruddeen ya zo zance ya ce ta bar wa Allah, sai ta ce ta bar masa, amma robar tana nan.

Wata ranar hantsi sai ga Fadila, 'yar Sahura ta fari, ta dawo daga lakwal, makarantarsu, ta biyo gidan su Rumaisa'u, ta ja hijabi har kan gira. Da ta ɗaga, goshin ya cika da 'yan ƙuraje. Ta ce 'yan ajinsu na yi mata dariya, ta roƙi uwarta man nan, uwar ta ƙwace ta ɗaga shi sama, ta ce ko da wasa kar ta taɓa, na masu saye ne.

"Tanti, an ce akwai saura wajenki. Don Allah ki ɗan sam min."

Ashe Sahura ta san illarsa. Rumaisa'u ta ciro robar daga akwati, ta buɗe, warin nan ya bugi hancinta. Ga abin da ta daɗe tana jira ya zo har ɗaki da ƙafarsa, yana ma roƙo. Ta lakato man a yatsa. Yarinyar kuwa, don ta ga inda za a shafa, ta miƙa hannu ta juyo madubin da ke bango. Fuska biyu suka bayyana a ciki, ɗaya cike da tabo, ɗaya ba ta san komai ba tukuna. Rumaisa'u ta daɗe tana kallo, sannan ta goge yatsan a bakin robar.

"Sa takalminki. Gidan kakarki za mu."

Sun tarar da Hajiya Ummu a tabarma tana ɓarar wake, Sahura na gefe. Rumaisa'u ta durƙusa ta gaishe su yadda ya kamata, ta ajiye robar a tsakiya. Ta ce Fadila ce ta fara ƙuraje, ita kuma ba ta san wani magani da ya wuce wanda Yaya ta ba ta ba, shi ya sa ta zo a shafa mata gaban manya. Ta lakato, ta kai hannu goshin yarinyar.

Sahura ta yi tsalle ta cafke hannun, har wake ya watse. "Kar ki taɓa min ɗiya da shi!"

Rumaisa'u ba ta janye hannunta ba.

"Don mi, Yaya? Ai ni ma ɗiyar wata ce. Don dai tana kabari."

Hajiya Ummu ta dubi robar, ta dubi kumatun Rumaisa'u, ta dubi 'yarta. Sahura ta fara kame-kame, wai ita haske kawai ta so a yi kafin biki, wai ba kowa yake yi wa haka ba, da abin ya ɓaci kuma ta ji tsoron masu saye su gudu, shi ne ta ɗora wa doguwa. Tsohuwar ba ta bari ta ƙarasa ba. Ta ce a Keche ta ɗaga hijabin marainiya, a Keche za ta koma ta faɗi gaskiya da bakinta gaban matan da suka ji na farko. Sannan ta jawo Rumaisa'u jikinta, ta riƙe fuskar da tafukanta biyu, tana kuka tana neman gafara.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura auren. Tabon bai gama ɓacewa ba, kuma amarya ta hana a lafta masa hoda. Nasiruddeen ya ce shi dama ba fata ya zo nema ba. Fadila ce ta riƙo madubin nan har ɗakin amarya, goshinta ya fara washewa da sabulu da haƙuri kawai.

Fata da zuciya duk ba sa warkewa da matsa. Duk wanda aka zalunta, in ya riƙe hannunsa daga marar laifi, Allah kan sa azzalumin ya tona kansa da kansa.